Wasannin CARIFTA: Guje-guje da Tsalle-tsallen Matasan Karibiyan

Wasannin CARIFTA gasa ce ta guje-guje da tsalle-tsalle da jife-jife wadda matasan ƙasashen yankin Karibiyan ke yi kowace shekara a hutun Ista, tsakanin ƙarshen Maris da Afrilu. An fara ta a 1972 a birnin Bridgetown na ƙasar Barbados, kuma Austin Sealy, shugaban ƙungiyar guje-guje ta ƙasar a lokacin, shi ne ya assasa ta. Ta samo sunanta daga ƙungiyar ciniki ta yankin mai suna CARIFTA. Ƙungiyar cinikin ba ta yi tsawon rai ba, domin a 1973 ƙungiyar haɗin kan ƙasashen Karibiyan, CARICOM, ta maye gurbinta, amma sunan ya zauna daram a filin wasa. Akwai gasar ninƙaya ta matasa da ita ma take amsa wannan suna, sai dai in aka ce "Carifta" kawai a Kingston ta Jamaika ko Nassau ta Bahamas, guje-guje ake nufi.

Masu shiga gasar su ne ƙasashe da tsibiran da ke magana da Ingilishi, irin su Jamaika, Bahamas, Barbados, Tirinidad da Tobago, Giranada da Bermuda, sai masu Faransanci irin su Martinique da Guadeloupe, da masu harshen Holan irin su Suriname da Curaçao. Ana raba 'yan wasa rukuni biyu, maza da mata: 'yan ƙasa da shekara 17 da 'yan ƙasa da shekara 20. An taɓa ɗaga ƙaramin rukunin zuwa ƙasa da shekara 18 na wasu 'yan shekaru, daga baya aka mayar da shi yadda yake. Sau biyu a jere ba a yi gasar ba, a 2020 da 2021, saboda annobar korona.

Teburin lambobi

In teburin lambobin yabo kaɗai mutum zai duba, to labarin gajere ne: Jamaika. Rabon da wata ƙasa ta sha gabanta tun 1984, lokacin da Bahamas ta zo ta ɗaya. A gasar 2022 da aka yi a Kingston, 'yan Jamaika sun kwashi lambobi 92, 45 daga ciki na zinare. Wannan ba sa'a ba ce. Makonni kaɗan kafin Ista ake yin gasar makarantun sakandare ta Jamaika wadda suke kira Champs, wadda ta samo asali tun 1910, kuma babban filin wasan ƙasar cika yake yi maƙil don kallon 'yan makaranta. Yaron da ya saba gudu a gaban irin wannan taro, ya kuma tsallake zaɓen 'yan wasan ƙasarsa, ba ya zuwa CARIFTA da rawar ƙafa.

Shi ya sa masu bin gasar suka fi sa ido kan kofin Austin Sealy, wanda tun 1977 ake ba ɗan wasa ɗaya tilo da ya fi kowa bajinta a shekarar. A jerin sunayen waɗanda suka ci shi ne ake ganin ƙananan tsibirai suna ɗaga kai.

Sakamakon da ba a manta ba

Usain Bolt bai fara da zinare ba. A 2001 a Bridgetown, yana ɗan shekara 14, na biyu ya zo a mita 200 da mita 400. Shekara ta zagayo ya cinye duka biyun a Nassau, a 2003 kuma ya ɗauki kofin Austin Sealy a Port of Spain, babban birnin Tirinidad da Tobago. Sai ranar 11 ga Afrilu, 2004 a Bermuda, inda ya gama mita 200 cikin daƙiƙa 19.93 yana da shekara 17. Kafin wannan rana babu wani ɗan ƙasa da shekara 20 da ya taɓa sauka ƙasa da daƙiƙa 20 a wannan tsere. Tarihin duniya na matasa da ya kafa ya shekara 17 ba a taɓa shi ba, sai a 2021 Ba'amurke Erriyon Knighton ya karya shi. Bayan Bolt, ɗan ƙasarsa Yohan Blake ya yi mita 100 cikin daƙiƙa 10.11 a 2007 a tsibiran Turks da Caicos.

Labarin Kirani James ya fi nuna amfanin gasar ga ƙananan ƙasashe. Ɗan garin Gouyave ne, garin masunta a Giranada, ƙasar da gaba ɗaya mutanenta ba su kai dubu 130 ba. A 2009 a Saint Lucia, yana ɗan shekara 16, ya shiga babban rukuni na 'yan ƙasa da shekara 20 ya yi mita 400 cikin daƙiƙa 45.45, ya goge tarihin gasar na 46.35 wanda Bolt ne ke riƙe da shi. Shekara biyu bayan haka ya zama zakaran duniya a Daegu ta Koriya ta Kudu, a 2012 kuma ya ci zinare a gasar Olamfik ta Landan, lambar Olamfik ta farko a tarihin ƙasarsa. Filin wasan St. George's, babban birnin Giranada, da ya karɓi baƙuncin CARIFTA a 2016 da 2024 sunansa yake ɗauke da shi yanzu.

An san Karibiyan da gajeren gudu, amma sakamakon jifan mashi ya zo da abin mamaki. Keshorn Walcott na Tirinidad da Tobago ya ci zinare a CARIFTA a watan Afrilun 2012, ya ci gasar matasa ta duniya a Barcelona a Yuli, sannan a Agusta ya jefa mashi mita 84.58 a Landan ya ɗauke zinaren Olamfik yana da shekara 19. Duk cikin wata huɗu. Anderson Peters na Giranada ya bi sawunsa: kofin Austin Sealy a gida a 2016, sai kambun duniya a 2019 da 2022.

A ɓangaren mata, Veronica Campbell ta Jamaika ta ci kofin a 2001, Shaunae Miller ta Bahamas a 2013 kafin ta ci zinaren mita 400 sau biyu a Olamfik, Briana Williams kuma ta ɗauke shi a 2018 da 2019. A 2022, a tsakiyar ruwan zinaren Jamaika kuma a gidansu, wata yarinya daga tsibiran Virgin na Birtaniya, Adaejah Hodge, ta cinye mita 100 da mita 200 da dogon tsalle a ƙaramin rukuni, ta tafi gida da kofin.

Yadda ake karanta sakamakon

Lambobin da ke takardar sakamako suna iya ruɗin wanda bai saba ba. A gajeren gudu da dogon tsalle ana rubuta ƙarfin iska kusa da lokaci ko nisa. In iskar da ke tura ɗan wasa daga baya ta wuce mita 2.0 a daƙiƙa, lambar yabonsa tana nan, amma ba za a lissafa abin da ya yi a matsayin tarihi ba. A tsibiran da teku ta kewaye, wannan yakan faru sau da yawa, kuma gudun Bolt na 19.93 ya tsira ne don iskar ranar ba ta kai iyakar ba.

Kayan wasan ma ba ɗaya ba ne. Dalmar da yara maza ke jifa kilo 5 ce, ta 'yan ƙasa da 20 kilo 6, ta manya kuwa kilo 7.26. Mashin ƙaramin rukuni giram 700 ne, na babban rukuni giram 800, daidai da na manya, wanda shi ya sa ake iya gwada jifan Walcott na Afrilu da na Agusta kai tsaye. Shingen da ake tsallakewa a mita 110 shi ma yana ƙara tsawo da shekaru. Saboda haka yaron da ya yi kaca-kaca da tarihi a ƙaramin rukuni yakan zo shekara mai zuwa a ga kamar ya ja baya, alhali kayan ne suka yi nauyi.

Akwai kuma sharaɗin gwajin ƙwayoyin ƙara kuzari, wanda ya taɓa jawo ɓacin rai. A Kingston a 2022, 'yan matan Jamaika huɗu, Serena Cole, Tina Clayton, Brianna Lyston da Tia Clayton, sun yi tseren miƙa sanda na mita 100 sau huɗu cikin daƙiƙa 42.58, gudun da ya fi tarihin duniya na matasa. Hukumar guje-guje ta duniya ta ƙi amincewa da shi, ba don an kama kowa da laifi ba, sai don ba a gwada dukkan su huɗun ba bayan tseren. A watan Agustan shekarar, tawagar Jamaika ta je gasar matasa ta duniya a Cali ta ƙasar Kolombiya, tagwayen Clayton suna ciki, ta yi 42.59. Wannan lokacin, da ya gaza na Kingston da kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, shi aka rubuta a littafin tarihi.