Ma'anar "bilicin ɗin murjani": koɗewa daban, saɓulewa daban

Tun ranar 15 ga Afrilu, 2024, da hukumar NOAA ta Amurka mai kula da teku da yanayi ta sanar cewa murjanin duniya ya shiga koɗewar gama-gari karo na huɗu, "bilicin ɗin murjani" ya samu gindin zama a labaran muhalli. Na ji wani mai gabatar da shiri ya karanta labarin, ya kece da dariya, ya ce ashe abin har cikin teku ya kai. Wani kuma ya kira shi annobar da ke yaɗuwa tsakanin tsirran teku, wai masana na neman maganinta. Na farkon na yafe masa, raha yake yi. Na biyun ne ya tsaya mini a rai, don a numfashi ɗaya ya yi kure uku: murjani ba tsiro ba ne, koɗewa ba ta yaɗuwa daga wannan zuwa wancan, kuma ba ƙwayar magani take jira ba.

Ina ganin ruɗanin daga wuyan kakanninmu ya faro. Kalmar murjani daga Larabci muka aro ta, kuma duk wanda ya karanta Suratur Rahman ya gamu da ita sau biyu, a aya ta 22 tare da lu'ulu'u, a ta 58 tare da yaƙutu. Abin da Bahaushe ya sani da wannan suna shi ne jajayen duwatsun nan da ake zurawa a zare, a ɗaura wa amarya, a ɓoye a adudu. Na gasken daga Bahar Rum ake ciro shi, irinsa ne kuma ya cika kayan sarautar Oba na Benin. Wannan murjanin jansa a cikin ƙashinsa yake, shi ya sa kaka za ta bar wa jika yana nan da jansa. To, murjanin da ke gina tsaunuka a ƙarƙashin teku, irin na gabar Ostireliya mai tsawon kilomita 2,300, akasin haka yake. Ƙashinsa fari ne fat kamar alli. Launin yana cikin ɗan siririn naman da ya lulluɓe ƙashin, naman kuma tarin wasu mitsi-mitsin dabbobi ne, kowacce da bakinta da 'yan hannayenta. A cikin naman akwai wata gansakuka da ido ba ya gani. Ita ke amfani da hasken rana ta sarrafa abinci, ta ciyar da mai masaukinta mafi yawan abin da yake ci, ita ce kuma ke ba shi ruwan ƙasa-ƙasan nan da ake gani.

Idan ruwa ya ɗara zafinsa na bazara da digiri 1 kacal, ya daɗe a haka na makonni, sai zaman ya ɓaci, murjani ya kori baƙuwarsa. Naman yana nan, da ransa, amma ya zama garau kamar leda, ana hango farin ƙashi ta cikinsa. Abin da Bature ya kira bilicin ke nan. Mu kuwa bilicin a kunnenmu mai ne da mutum ya saya da kuɗinsa ya shafa da ganganci, don haka kalmar ta shigo mana da wata ma'anar da ba ta wurin. Muna da "koɗewa", wadda kowace mai shanya atamfa a rana ta sani. Ita ya kamata a riƙa faɗa.

Inda bambancin ke zama batun rai da mutuwa shi ne a gidajen masu kiwon murjani a akwatin gilashi, sha'awar da ta yi ƙarfi a Amurka da Turai da Japan. Ɗan ƙanwata da ke aiki a Ingila yana cikinsu. Yana da tanki na lita 300 a falonsa, ruwan gishiri giram 35 a kowace lita, zafi digiri 25, kuma yadda yake lallaɓa shi ko mai kiwon tattabaru albarka. Wata safiya ya kira ni ta bidiyo, hankali a tashe. "Kawu, duba, ya yi fari. Cuta ce ta shigo." Ga kwalbar sifurofulozasin, maganin kashe bakteriya, a hannunsa, zai zuba. Na ce ya dakata, ya duba ma'aunin zafi tukuna. Digiri 30. Hitar ce ta maƙale tun kwanaki, bai lura ba. Da dare ya haska tocila a kan reshen, sai ga 'yan hannayen sun fito suna lilo a ruwa, farare amma da rai. Murjanin ya koɗe ne. Abin da yake buƙata shi ne a sauke zafi a hankali, a rage ƙarfin fitila, a ɗan ciyar da shi, a yi haƙuri na makonni ko watanni har gansakukar ta dawo.

Farin cuta ba haka yake ba, kuma wanda ya taɓa ganinsa ba zai sake ruɗewa ba. A nan naman ne ke barin ƙashi. Saɓulewa yake yi, kamar fatar tumatirin da aka tsoma a tafasasshen ruwa, yakan faro daga gindi ya yi sama, da layi tsaf tsakanin inda ke da rai da inda ya zama tsuran ƙashi. A jinsin Acropora mai rassa, reshen da aka yi shekara biyu ana reno yana iya ƙarewa cikin kwana ɗaya. A jinsin Euphyllia mai kauri kuwa, wani yauƙi ne ruwan ƙasa ke taruwa a kan murjanin kamar lalatacciyar miyar kuɓewa, in ka ciro shi daga ruwa warinsa kaɗai ya ishe ka shaida. Bayan 'yan kwanaki sai kore ya hau ƙashin da aka bari tsirara. Wannan kam yana yaɗuwa, igiyar ruwan famfo ce ma ke kai shi maƙwabta.

Shi ya sa aikin farko na hannu ne. A kashe famfo, a zuƙe yauƙin da siririn tiyo kada ya watse, a ciro murjanin, a yanke inda ya kamu har a ɗan shiga cikin lafiyayyen nama, a jefar. Abin da ya rage a tsoma shi 'yan mintuna a ruwan tanki da aka ɗiga wa aidin, a kai shi wani ƙaramin tanki na killacewa. Idan abin ya ƙi tsayawa, nan ne ake maganar maganin kashe bakteriya, a tankin killacewa, da shawarar likitan dabbobi.

Maganin yana aiki, ban musa ba. A gabar Florida, wata cuta mai cin naman murjani ta ɓulla kusa da Miami a 2014, ta kama jinsi fiye da 20, ta bazu cikin tekun Karibiyan. Masu ninƙaya suna sauka da amoksisilin da aka kwaɓa kamar man goge baki, su liƙa shi a bakin gyambon, a gyambo da yawa kuma cin ya tsaya. Amma ka lura, a kan gyambon suke liƙawa. Wanda ya juye magani cikin babban tankinsa ya manta cewa tankin da bakteriya yake rayuwa. Su ne a cikin duwatsu da yashi da matata suke sarrafa amoniyar da kifi ke fitarwa, akwai kuma wasu a majinar jikin murjanin da ke tare masa miyagu. Magani bai san na gida ba, bai san ɓarawo ba. Ruwan da aka yi jinyar da shi kuma a ƙarshe magudana za a zubar da shi, da ragowar maganin da mu ma mutane muke dogaro da shi. Wannan hali na san shi sarai, shi ne na mai shiga kemis ya ce a ba shi ja-da-yalo na kwana biyu saboda mura.

Akwai inda zan sassauta wa wancan da ya kira koɗewa annoba, ko da yake ba da saninsa ya dace ba. Wata bakteriya mai suna Vibrio coralliilyticus, da aka fara samowa a jikin murjani a gabar Zanzibar, takan zauna lumui a ruwa mai sanyi, sai zafi ya kai wajen digiri 27 ta fara narkar da nama. Murjanin da ya koɗe kuma mayunwaci ne, ba shi da ƙarfin kare kansa. Zafi ɗaya ne ke buɗe ƙofofin biyu, don haka koɗewa kan share wa cuta hanya. Na ɗan ƙanwata ma sai da reshe guda ya fara saɓulewa daga gindi a mako na biyu. Ya sa filaya ya datse shi sama da layin, ya tsoma a aidin, ya manna guntun a kan wani ɗan dutse. Kwalbar maganin tana nan a firij, ba a ɓalle murfinta ba.