Tsintacciyar Mage

Tsintacciyar mage ita ce kyanwar da ba a gidan da take zaune aka haife ta ba. Tsinto ta aka yi a bola, ko a bakin kwata, ko a kangon gida, ko kuma ita ce ta diro ta katanga wata rana ta ƙi tafiya, mutanen gida suka ƙyale ta. A Bauchi ana ce mata kyanwa, ana ce mata mage ko kuliya, namijin kuma muzuru. Duk dabba ɗaya ce, wadda masana ke kira Felis catus, jikar kyanwar dajin Afirka, Felis lybica. Zamanta da ɗan Adam ya daɗe, don a tsibirin Kubrus an tono wani kabari mai kimanin shekara 9,500 da aka binne mutum da kyanwa kusa da juna.

Bahaushe ya riga ya yanke mata hukunci da cewa "tsintacciyar mage ba ta mage". Maganar tana da ƙanshin gaskiya, amma ba duka ba. Akwai tsintacciyar da har ta mutu ba za ta yarda a shafa bayanta ba, akwai kuma wadda kwana uku da zuwanta ta riga ta mallake katifar uwargida. Bambancin yana da dalilai, kuma an san da yawa daga cikinsu.

Inda ake samo ta

A Ingila da Amurka akwai gidaje na musamman da ake tara dabbobin da ba su da masu su, mai so ya je ya zaɓa. Gidan Battersea na Landan, wanda aka kafa a 1860 don karnuka, ya fara karɓar kyanwa a 1883. A Bauchi hanyar da aka saba ita ce tsintuwa da kyauta. Kyanwa tana bin abinci da ɓera, shi ya sa ba a rasa ta wajen masu kifi da masu nama a kasuwar Wunti da ta Muda Lawal, da sitocin hatsi, da bayan ɗakunan ɗalibai a Yelwa.

Cikinta kwana 63 zuwa 65 ne, takan haifi uku zuwa biyar, kuma 'yar wata biyar ko shida tana iya ɗaukar ciki. Wannan lissafin ne ke cika unguwa. Wanda tasa ta haihu, in mai tausayi ne ya raba wa maƙwabta, wani kuwa ya zuba su a kwali ya kai bayan gari ya yar. Da yawa daga 'ya'yan da yara ke shigowa da su gida a naɗe cikin riga daga nan suke. Sai dai ba kowane ɗan kyanwa da aka gani shi kaɗai ne maraya ba. Sau tari uwar ta je farauta ne, kuma in 'ya'yan suna da tsabta, cikinsu a cike, gara a jira 'yan sa'o'i kafin a ɗauka.

A addini da al'ada

Kyanwa tana da gata a Musulunci. Bukhari da Muslim sun ruwaito hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. A Muwaɗɗa ta Imam Malik akwai hadisin Abu Ƙatada da ke cewa ita ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakanin mutane, don haka ruwan da ta sa baki ana alwala da shi. Laƙabin sahabi Abu Huraira ma daga 'yar kyanwa ya samo asali. Akwai kuma hadisin Jabir a Muslim da ya yi hani ga kuɗin kyanwa. Mafi yawan malamai sun halatta cinikinta, wasu sun tsaya kan hanin.

A gefe guda akwai camfi. Baƙar mage ta fi kowace shan jifa, ana danganta ta da mayu ko aljanu, alhali ba ta da laifin da ya wuce launinta.

Halaye

A 2017 masu bincike na wata jami'a a Kudancin Ostireliya sun tattara bayanan kyanwa 2,802 daga bakin masu su, suka kasa halayensu gida biyar: tsoro da rashin natsuwa, kuzari da son bincike, danniya, garaje, sai sauƙin kai. Kowace kyanwa tana da rabonta a kowanne, wata da yawa wata kaɗan. Matan gida ba su jira wannan bincike ba, tuntuni suna da nasu rabon, kuma bai yi nisa da na masana ba.

Akwai mai manne wa mutum. Ita ce in aka shimfiɗa sallaya sai ta riga mai ita hawa, in ana tankaɗe tana goga kai a ƙafa, in aka zauna tana cinya tana ɗan gurnanin nan na maƙogwaro da wasu tsofaffi ke cewa tasbihi take yi. Gogar kan ba shagwaɓa kaɗai ba ce: a kumatunta akwai inda wani ƙanshi ke fita wanda hancin mutum ba ya ji, da shi take sa wa abin da ta yarda da shi alama.

Akwai matsoraciya, kuma a cikin tsintattu ita ce aka fi yi wa mummunar fahimta. Ranar da aka kawo ta za ta shige bayan randa ko ƙarƙashin gado ta lafe, kunnuwa a kwance, ido a ware. A ajiye mata kan kifi da magariba ba za ta dube shi ba, amma da asuba a tarar da kwano fes. Haka za a yi mako guda, wani lokaci wata guda, ba a ganin ta sai alamarta. Rannan ana cikin hira a tsakar gida sai a hango ta zaune bakin ƙofa, ta naɗe wutsiya a ƙafafu, tana kallon mutane tana lumshe ido a hankali. Wannan lumshe idon alamar natsuwa ce, kuma wani bincike da aka yi a Ingila a 2020 ya nuna kyanwa ta fi kusantar mutumin da ya mayar mata da irinsa.

Mafarauciya kuma ita ce "mage mai kwanciyar ɗaukar rai". Za ta yi rabin awa a bakin ramin ɓera ba motsi sai kan wutsiya. Masu sito ita suke nema. Kishiyarta ita ce kyanwar Lami, ba cizo ba yakushi, ɓera ya bi ta gabanta ta bi shi da ido. Ana yawan cewa ƙoshi ne ya lalata ta, har wasu su hana ta abinci don ta yi farauta. Wannan kuskure ne. Sha'awar farauta daban take da yunwa, ƙosasshiyar kyanwa tana kama ɓera, mai yunwa kuwa tukunyar miya za ta fara buɗewa. Wasu daga cikin waɗanda ake kira ɓarayi haka aka mayar da su.

Sai muzuru, wanda gida wurin cin abinci ne kawai a wajensa. Yakan ɓace kwana uku ya dawo da yagaggen kunne, yana fesa fitsari a bango, yana hana unguwa barci da kuka lokacin barbara.

Launi bai tabbata yana gina hali ba. Abin da ya tabbata shi ne mai launi uku, fari da baƙi da ja, kusan kullum mace ce, jajaye kuma maza sun fi yawa a cikinsu.

Abin da ke gina halin

A nan ne karin maganar ke samun amsarta. Binciken Eileen Karsh a Amurka cikin shekarun 1980 ya nuna cewa tsakanin mako 2 zuwa mako 7 da haihuwa ne ɗan kyanwa ke koyon yarda da mutum. Wanda aka riƙa ɗauka ana shafawa a wannan tsakanin yakan tashi da son mutane, kuma wanda aka riƙe minti 40 a rana ya fi wanda aka riƙe minti 15 sakin jiki. Wanda ya wuce wannan lokaci a cikin kwalbati, bai san hannun mutum ba sai jifa, da wuya ya zama na cinya. Zai iya zama a gida, ya ci, ya kama ɓera, amma daga nesa.

Saboda haka tsintattu iri biyu ne. Akwai wadda ta taso a gida aka yar ko ta ɓata, ita tsoronta na ɗan lokaci ne. Akwai haifaffiyar titi da ta girma a can, ita ce maganar Bahaushe ta fi dacewa da ita. Mai kula yakan gane su: ta farko tana yi wa mutum kuka tana ɗaga wutsiya sama, ta biyu shiru take, sai huci in an matsa mata.

Uba ma yana da hannu. A 1995 Sandra McCune ta nuna a Ingila cewa 'ya'yan muzuru mai sakin jiki sun fi ƙarfin hali da kusantar mutane, ko da ba su taɓa ganin uban ba. Zancen cewa kyanwa gida take so ba mutum ba shi ma ya raunana: a 2019 Kristyn Vitale da abokan aikinta a Oregon sun gano cewa kusan kashi 65 cikin 100 na waɗanda suka gwada suna samun natsuwa da dawowar mai su, adadin da ya yi kusa da na jarirai da iyayensu. A shekarar kuma wani bincike a Japan ya nuna tana bambance sunanta da sauran kalmomi. Amsawa dai sai ta ga dama.

Ci da lafiya

Kyanwa maciyar nama ce ta dole. Ragowar tuwo ba ya riƙe ta, don akwai sinadarin da ake kira torin wanda a nama da kifi take samunsa, rashinsa yana kawo makanta da ciwon zuciya. Albasa da tafarnuwa na miya suna lalata mata jini, madarar shanu kuma takan sa da yawansu zawo. Farasitamol guba ne a gare ta, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Haka maganin ɓera, da wasu magungunan ƙwari da ake fesa wa ɗaki ko karnuka.

Ɗan da idonsa bai buɗe ba galibi bai wuce kwana 10 ba. Yana bukatar ɗumi, musamman da hunturu, da shayarwa duk bayan awa biyu zuwa uku, sannan a goga masa ƙasan wutsiya da jiƙaƙƙen tsumma mai ɗumi kamar yadda uwa ke lasa, in ba haka ba ba zai yi fitsari ba. Babba kuwa ɗaki guda take bukata da farko, da wurin ɓuya, da yashi a tsohuwar roba. A hana yara janyo ta.

Tsintacciya takan zo da ƙuma da tsutsar ciki, wani lokaci da makero mai kama mutane, don haka asibitin dabbobi ne zangon farko. Ana yi mata allurar ciwon haukan kare daga wata uku. Kare ne ya fi yaɗa cutar, amma kyanwa ma tana ɗauka, kuma wanda baƙuwar kyanwa ta ciza ko ta yakusa ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15 ya tafi asibiti. Mai juna biyu ta bar wa wani kwashe kashinta, saboda wata ƙwayar cuta da ke iya taɓa ɗan tayi. Dandaƙar muzuru tana rage yawo da faɗa da fesa fitsari, cire mahaifar mace kuma yana tsayar da haihuwa.

In gidan da wata kyanwar tun farko, ba a haɗa su rana ɗaya. Ana raba musu ɗaki da kwano, a riƙa musanya tsummokaran da suke kwanciya a kai har kowace ta saba da ƙanshin 'yar'uwarta. Wasu su ƙare suna lasar juna, wasu su raba tsakar gida biyu har tsufa. Kaji manya ba su cika damun ta ba, amma 'yan tsaki da tattabaru sai an rufe su da dare, ko da kyanwar Lami ce a gidan.