Neman Rai a Duniyoyin da ke Kewaya Rana

Neman rai a wajen Duniya fanni ne na bincike da ya haɗa ilimin taurari da na sinadarai da na halittu da na duwatsu. Burinsa shi ne gano ko akwai wani abu mai rai, ko an taɓa yin sa, a ɗaya daga cikin duniyoyi da watannin da ke kewaya Rana. Ya zuwa yanzu Duniya ce kaɗai aka tabbatar tana ɗauke da rai. Abin da masana ke sa ran samu a sauran wuraren shi ne ƙananan halittu dangin bakteriya, waɗanda ido ba ya gani, ko kuma sawun da irinsu suka bari a cikin duwatsu tun shekaru biliyoyi da suka shige. Binciken shekaru hamsin ya nuna cewa kayan haɗa rai sun yawaita fiye da yadda aka zata, sai dai rarrabe aikin halitta da aikin sinadarai zalla ya zama babban ƙalubalen fannin.

Abubuwan da rai ke bukata

Duk wata halitta da aka sani tana bukatar ruwa wanda bai daskare ba, da makamashi, da kuma wasu sinadarai shida: kabon, haidirojin, naitirojin, oksijin, fosforos da farar wuta. A da ana ɗauka cewa makamashin dole ne ya fito daga hasken Rana. Wannan fahimta ta sauya a shekarar 1977, lokacin da ƙaramin jirgin ƙarƙashin ruwa mai suna Alvin ya nutsa kimanin mita 2,500 kusa da tsibiran Galapagos, ya tarar da maɓuɓɓugan ruwan zafi a ƙasan teku kewaye da tsutsotsi da dodon koɗi, cikin duhun da hasken Rana bai taɓa ratsawa ba. Tushen abincinsu bakteriya ne masu cin sinadaran da ke fitowa daga cikin dutse. Daga nan ne aka fara kallon watanni masu ƙanƙara, waɗanda suka yi wa Rana nisa, da wani ido dabam.

Su kansu sinadaran ba wuyar samu suke yi ba. A watan Satumban 2023 kumbon OSIRIS-REx na hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ya dawo da giram 121.6 na turɓaya daga wani curin dutse mai suna Bennu. Da aka auna ta, an sami iri 14 daga cikin sinadaran amino 20 da halittun Duniya ke gina furotin da su, ga kuma dukkan tubalai biyar da ake rubuta bayanan gado da su. Babu wanda ya ce akwai rai a Bennu. Abin da turɓayar ta nuna shi ne cewa waɗannan tubalai kan haɗu da kansu.

Mars

Babu duniyar da aka tura wa na'urorin neman rai kamar Mars. A yau busasshiya ce mai tsananin sanyi, iskarta ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na kaurin ta Duniya ba, amma kwaruruka da busassun tafkunan da ke jikinta sun nuna cewa ruwa ya gudana a kanta fiye da shekaru biliyan 3 da suka wuce.

Gwaji na farko shi ne na kumbunan Viking 1 da Viking 2, waɗanda suka sauka a 1976. Ɗaya daga cikin gwaje-gwajen, wanda Gilbert Levin ya tsara, ya ɗiga ruwa mai abinci a kan turɓayar Mars, sai ga iska ta fita daga cikinta kamar wani abu ya ci abincin ya yi numfashi. Da aka gasa turɓayar aka maimaita, alamar ta ɓace, wanda shi ne abin da za a yi tsammani idan zafi ya kashe halitta. To amma wata na'urar da ke cikin kumbunan ba ta ga sinadaran kabon da ake gina jiki da su ba, don haka mafi yawan masana suka jingina abin ga kaifin sinadaran ƙasar. A 2008 kumbon Phoenix ya gano wani gishiri mai suna faklorat a ƙasar Mars, wanda ke lalata irin waɗannan sinadarai idan aka ɗumama su tare, lamarin da ya sa aka koma ana muhawara kan ko na'urar Viking ce ta ƙone abin da take nema. Levin ya rasu a 2021 yana kan bakansa cewa ya gano rai.

Irin wannan taƙaddama ta sake tasowa a 1996, sa'ad da David McKay da abokan aikinsa suka sanar da cewa sun ga wasu siffofi masu kama da burbushin bakteriya a cikin wani dutse mai lamba ALH84001, wanda ya fito daga Mars aka tsince shi a Antatika a 1984. Har shugaban Amurka na lokacin, Bill Clinton, ya yi jawabi a kai. Daga baya aka nuna cewa kowace alama a dutsen tana iya samuwa ba tare da halitta ba.

Motar bincike ta Curiosity, da ta sauka a kwarin Gale a 2012, ta tabbatar da cewa wurin tafki ne a da, ta kuma haƙo sinadaran kabon daga daskararren laka. Takwararta Perseverance ta sauka a kwarin Jezero a watan Fabrairun 2021, kuma a Yulin 2024 ta ci karo da wani jan dutse da aka raɗa wa suna Cheyava Falls. Jikinsa na da ɗigo-ɗigo farare, kowanne faɗinsa bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba, zagaye da baƙin gefe mai ɗauke da ƙarfe da fosforos. A Duniya irin wannan zane yakan fito ne inda bakteriya suka ci sinadaran laka. Rahoton da aka buga a mujallar Nature a Satumban 2025 ya kira shi alamar da mai yiwuwa ta rai ce, bai wuce haka ba, kuma wannan takatsantsan daidai ne idan aka tuna da abin da ya faru a 1976 da 1996. Motar ta huda dutsen ta adana gutsurensa a cikin bututu, amma shirin ɗauko bututun zuwa Duniya ya sarƙe saboda tsadarsa. Ƙasar Sin na shirin tura nata kumbon, Tianwen-3, don ɗebo turɓaya wajen 2028, yayin da hukumar Turai, ESA, ke shirin harba motar Rosalind Franklin mai iya haƙa zurfin mita biyu, inda burbushin rai zai fi tsira daga hasken da ke ƙona saman ƙasar.

Tekunan da ke ƙarƙashin ƙanƙara

Idan Mars wurin neman matacce ne, to watannin Jupiter da Saturn su ne inda ake fatan samun mai rai. Europa, watan Jupiter wanda Galileo Galilei ya hango a 1610, faɗinsa kimanin kilomita 3,100 ne. Awon maganaɗisu da kumbon Galileo ya yi a shekarun 1990 ya nuna akwai ruwan gishiri a ƙarƙashin ɓawon ƙanƙararsa, kuma ana ƙiyasta ruwan ya ninka na dukkan tekunan Duniya sau biyu. Abin da ya hana shi daskarewa shi ne jan da Jupiter ke yi wa watan, yana matse shi yana sakinsa a kowane zagaye, har cikinsa ya ɗau zafi. Kumbon Europa Clipper ya tashi a Oktoban 2024, zai isa a 2030, ya gitta ta kusa da watan sau 49. Ba a ɗora masa aikin gano rai kai tsaye ba; zai auna kaurin ƙanƙarar da abin da ke cikin ruwan ne. Kumbon Turai mai suna Juice, da ya tashi a Afrilun 2023, zai isa a 2031 ya mai da hankali kan Ganymede, wani watan na Jupiter.

Enceladus, watan Saturn, ya fi ƙanƙanta nesa ba kusa ba, faɗinsa kilomita 500 kacal, amma shi ne ya fi ba masana mamaki. A 2005 kumbon Cassini ya ga ruwa da tiriri suna tsartuwa zuwa sama daga wasu dogayen tsagogi huɗu a kudancinsa. Kumbon ya yi ta ratsawa ta cikin feshin yana ɗanɗanawa, har a Oktoban 2015 ya kusanci watan da tazarar kilomita 49. An sami gishiri, da sinadaran kabon, da iskar haidirojin wadda ke nuna cewa ruwa mai zafi na gogayya da dutse a ƙasan tekun, kuma wasu bakteriyan Duniya da ita suke rayuwa. A 2023 aka ba da rahoton samun fosforos a cikin ƙwayoyin ƙanƙarar da watan ya feso. A nan ba sai an haƙa ba, tunda tekun da kansa yake fitowa waje, kuma wannan ne ya sa masana da yawa ke ganin babu wurin da ya kai shi cancantar a koma masa da na'urorin da aka ƙera musamman don gano rai.

Titan da Venus

Titan, babban watan Saturn, yana da iska mai kauri da gajimare da koguna da tafkuna, sai dai abin da ke gudana a cikinsu narkakkiyar iskar metan ce, a sanyin da ya kai digiri 179 ƙasa da sifiri. Kumbon Huygens ya sauka a kansa a Janairun 2005. NASA na shirin harba Dragonfly, jirgi maras matuƙi mai farfela takwas, a 2028, ya isa a 2034. Ita kuwa Venus, zafin ƙasarta ya kai digiri 465, amma a tsayin kilomita 50 cikin gajimarenta yanayin ya yi sauƙi. A 2020 ayarin Jane Greaves ya ce ya hango iskar fosfin a can, wadda a Duniya halittu ke samarwa. Wasu masanan sun sake duba bayanan ba su gan ta ba, kuma har yanzu ba a daidaita ba.

Tabbatarwa da kariya

Alama guda ba ta isa hujja ba, shi ya sa ake neman alamomi da dama da suka dace da juna. Ɗaya daga cikinsu ita ce siffar sinadaran amino, waɗanda ke zuwa iri biyu kamar hannun dama da na hagu. Halittun Duniya kusan na hagu kaɗai suke amfani da su, alhali na Bennu sun zo kusan rabi da rabi, kamar yadda sinadarai kan yi idan babu rai. Akwai kuma haɗarin kumbo ya tafi da bakteriyan Duniya a jikinsa, a je a gano su a zaci baƙi ne. Yarjejeniyar Sararin Samaniya ta 1967 ta wajabta wa ƙasashe kauce wa gurɓata sauran duniyoyi, kuma saboda haka ne aka jefa kumbon Galileo cikin Jupiter a 2003, aka jefa Cassini cikin Saturn a 2017, don kada su faɗa kan Europa ko Enceladus bayan mansu ya ƙare.

Ko da an sami rai, wurin da aka same shi zai sauya ma'anar abin. Duwatsu sun sha tsallakowa daga Mars zuwa Duniya, an tsinci ɗaruruwansu, don haka halittar da aka gano a Mars tana iya zama 'yar uwar ta Duniya, asalinsu ɗaya. Tekun Enceladus kuwa ya yi nisa, ga shi a lulluɓe, ta yadda duk abin da ke raye a cikinsa kusan tabbas can ya faro, wanda zai nuna cewa rai ya samu sau biyu a kewayen tauraro guda. A 2024 hukumar ESA ta zaɓi wannan wata a matsayin inda babban kumbonta na gaba zai dosa, sai dai ba a sa ran tashinsa kafin shekarun 2040.