Binciken Lafiyar Tsofaffi a Gidan Yari

Binciken lafiyar tsofaffi a gidan yari fanni ne da ya haɗa likitocin tsofaffi, da likitocin ƙwaƙwalwa, da masana laifuffuka, da masana zamantakewa, duk suna nazarin halin da jikin mutum da tunaninsa ke shiga idan tsufa ya riske shi a tsare. Fannin ya fi bunƙasa a Amurka da Birtaniya, musamman daga shekarun 1990, lokacin da hukumomi suka farga cewa furfura na ta ƙaruwa a ɗakunan kurkuku. Daga baya manazarta a Ostireliya, Kanada, Japan da Suwizalan suka shigo. Kusan duk inda aka bi da binciken, wuri ɗaya yake faɗawa: don matashi mai jini a jika aka gina kurkuku, aka tsara dokokinsa da jadawalinsa, shi kuwa dattijo sai dai ya lallaɓa a ciki.

Wane ne tsoho a kurkuku

A waje, yawancin ƙasashe suna fara lissafin tsufa daga shekara 60 ko 65. Masu binciken gidan yari sun sauko da ma'aunin zuwa 50 ko 55. Hujjarsu ita ce jikin fursuna yana riga shekarunsa tsufa, har sukan ƙiyasta tazarar da shekara 10 zuwa 15. Mutumin da bai wuce 52 ba sai a same shi da hawan jini, da ciwon suga, da ciwon gaɓoɓi, da raunin gani irin na ɗan shekara 65.

Akwai saɓani kan musabbabin hakan. Wasu na ganin da cutarsa mutum yake shigowa, domin yawancin waɗanda ake ɗaurewa sun fito ne daga talauci, shaye-shaye, rashin matsuguni da rashin zuwa asibiti. Wasu kuma na ɗora alhakin kan zaman kurkukun kansa: fargaba dare da rana, ƙarancin motsa jiki, abinci marar gina jiki, da rabuwa da iyali. A 2013 Evelyn Patterson ta wallafa nazarin da ta yi kan mutanen da aka saki daga gidajen yarin jihar New York, inda ta gano cewa duk shekara ɗaya da mutum ya yi a tsare tana tafiya da raguwar kimanin shekara 2 daga tsawon rayuwar da ake sa ran zai yi. Mafi kusa da gaskiya shi ne dalilan biyu suna aiki tare, ɗaya na ƙara wa ɗaya nauyi.

Yadda yawansu ya ƙaru

Hukumar ƙididdiga ta ma'aikatar shari'ar Amurka ta nuna cewa fursunoni masu shekara 55 zuwa sama a gidajen yarin jihohi sun tashi daga 26,300 a 1993 zuwa 131,500 a 2013, wato daga kashi 3 cikin 100 na dukkan fursunonin zuwa kashi 10. Tsufan al'umma ya taka rawa, amma babban dalili shi ne dogayen hukunce-hukuncen da aka riƙa yankewa tun shekarun 1980, da ɗaurin rai-da-rai wanda ba a sakin mai shi. A Ingila da Wales an samu ƙarin dattawan da aka gurfanar kan laifuffukan lalata da suka aikata shekaru masu yawa a baya. A Japan kuwa, da yawa daga tsofaffin da ake ɗaurewa ƙaramar sata ce a kanti ke kai su, ana danganta hakan da talauci da kaɗaici.

Saboda haka manazarta kan bambanta wanda ya tsufa a ciki, da wanda ya ƙare rayuwarsa yana shiga yana fita, da wanda bai taɓa ganin kurkuku ba sai da furfura. Na ƙarshen nan shi ya fi shiga ruɗu a makonnin farko.

Abin da binciken ya gano

Ɗaya daga cikin ayyukan da aka fi kafa hujja da su shi ne na Seena Fazel da abokan aikinsa, wanda ya fito a 2001. Sun zauna da maza 203 masu shekara 60 zuwa sama a gidajen yari 15 na Ingila da Wales, suka kuma duba katunan asibitinsu. Kashi 85 cikin 100 suna da babbar cuta aƙalla guda ɗaya a rubuce, galibi ta ƙwaƙwalwa, ko zuciya, ko ƙashi da gaɓoɓi, ko huhu. Kimanin kashi 30 cikin 100 na fama da ciwon damuwa, kuma kaɗan ne ƙwarai a cikinsu ke shan maganinsa. Lafiyarsu ta fi ta tsararrakinsu na waje muni, ta kuma fi ta matasan fursunoni muni.

Me ya sa ba a lura ba? A 2004 ofishin babbar sufetan gidajen yarin Ingila da Wales, Anne Owers, ya fitar da rahoto wanda aka ɗauko sunansa daga abin da aka rubuta a takardun wani dattijo, ma'anarsa: babu matsala, tsoho ne mai shiru. A wurin da ake auna matsala da faɗa da tarzoma da yunƙurin tserewa, wanda ya kwanta a gadonsa bai ce uffan ba shi ne fursuna nagari, ko da kuwa ciwo ne ya kwantar da shi. Elaine Crawley da Richard Sparks, waɗanda suka yi dogon nazari kan dattawa maza a gidajen yarin Ingila, sun kira wannan hali da rashin lura irin na hukuma. Ba da gangan ake cutar da tsohon ba. An ba kowa ƙayyadadden lokaci ya isa wurin karɓar abinci, kuma babu wanda ya tsaya ya tambayi yadda mai dogara sanda zai sauko daga bene a cikin wannan lokaci. Ga wanda ya kwana da yunwa dai, da gangan da rashin lura duk ɗaya ne.

Gudummawar da ta fi sauya alƙiblar fannin ta zo ne daga Brie Williams, likitar tsofaffi a Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco. Likitoci sun daɗe suna auna ƙarfin tsoho da ayyukan yau da kullum, kamar wanka, sa tufafi, cin abinci da zagayawa. Williams da abokan aikinta suka ga wannan ma'auni na gida ne, rayuwar kurkuku kuwa tana da nata ayyukan da ba a tserewa. Idan ƙararrawa ta kaɗa, dole kowa ya zube ƙasa nan take. Dole a miƙe tsaye lokacin ƙidaya. Dole a taka zuwa ɗakin cin abinci, a ji umarnin gandiroba cikin hayaniya, wanda aka ba gadon sama kuma ya hau ya sauko.

A nazarinsu na 2006 kan mata 120 masu shekara 55 zuwa sama a gidajen yarin Kalifoniya, kashi 16 cikin 100 ne kawai ke buƙatar taimako a ayyukan da aka saba aunawa. Da aka koma ga ayyukan kurkuku, sai kashi 69 cikin 100 suka ce aƙalla guda ɗaya yana ba su wahala. Tsohuwar da gwiwarta ta ƙi lanƙwasuwa tana iya wanka da kanta, ta ɗaura zaninta, likita ya rubuta cewa lafiyarta ƙalau. Amma ranar da ƙararrawa ta kaɗa, kowa ya zube ita kaɗai ta rage a tsaye, ana iya rubuta ta a matsayin wadda ta ƙi bin umarni. Haka wanda kunnensa ya yi nauyi: an kira shi sau biyu bai waiga ba, sai a ɗauka raini ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma darajar wannan aiki ita ce matan da kansu aka tambaya.

Cutar mantuwa ta tsufa ta fi kowace wuyar ganewa a kurkuku. A gida, iyali kan farga idan baba ya ɓata a hanyar masallaci ko ya kasa lissafin cefane. A tsare babu cefane, babu girki, babu tuƙi, ƙararrawa ce ke faɗa wa mutum lokacin komai, don haka cutar kan yi nisa kafin a ankara. Daga nan tambaya mai nauyi ke tasowa, wadda masana shari'a da likitoci ke ta muhawara a kai: wane horo ake yi wa mutumin da ya manta laifinsa, ya manta ma inda yake? Gidan yarin Fishkill a New York ya buɗe sashe na musamman don masu wannan lalura a 2006, wani gidan yari a San Luis Obispo ta Kalifoniya kuma ya horar da wasu fursunoni su riƙa kula da 'yan uwansu, suna yi musu wanka da aski, suna ba su abinci a baki.

Tsada, saki da ajali

Ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta Amurka, ACLU, ta ƙiyasta a 2012 cewa ana kashe kimanin dala 68,000 a shekara kan fursuna mai shekara 50 zuwa sama, ninki biyu na matsakaicin abin da ake kashewa kan fursuna. Baya ga kuɗin magani, duk fita asibitin waje sai da mota da masu gadi, kuma an sha samun rahoton dattawa kwance a gadon jinya da ankwa. Alhali su ne suka fi kowa ƙarancin komawa laifi. Hukumar tsara hukunci ta Amurka ta bi sawun fursunonin tarayya shekara 8 bayan sakinsu, ta ga kashi 13.4 cikin 100 na masu shekara 65 zuwa sama ne aka sake kamawa, a kan kashi 67.6 na 'yan ƙasa da 21.

Ƙasashe da dama suna da dokar sakin wanda ciwon ajali ya kama, sai dai ba kasafai ake aiki da ita ba. Sufeto janar na ma'aikatar shari'ar Amurka ya gano a 2013 cewa wasu fursunoni sun rasu takardunsu na jiran sa hannu. Ingila ta daɗe tana neman likita ya nuna saura kimanin wata 3 mutum ya rasu kafin a sake shi, abin da likitoci ke cewa yana da wuyar hasashe. Sai a 2018 wata sabuwar doka ta ba fursunan tarayya a Amurka damar kai kukansa kotu da kansa. Ga waɗanda ba za su fita ba, gidan yarin Angola a jihar Louisiana ya buɗe sashen jinyar masu jiran ajali a 1998, inda fursunoni 'yan sa-kai ke zama kusa da mai jinya har ya cika.

Fita ma tana da nata haɗarin. Nazarin Ingrid Binswanger na 2007 a jihar Washington ya nuna cewa a mako 2 na farko bayan saki, haɗarin mutuwa ya ninka na sauran jama'a fiye da sau 12. Dattijon da ya yi shekara 30 a tsare kan fito ya tarar iyaye sun rasu, gida ya watse, maganin da ya saba karɓa kullum kuma ya yanke.

Wahalar yin binciken

Fannin yana ɗauke da tabon tarihi. Daga 1951 zuwa 1974 an yi ta gwajin magunguna da sinadarai a jikin fursunonin Holmesburg a Philadelphia, abin da ya taimaka wajen kafa tsauraran ƙa'idoji a Amurka a 1978. Ƙa'idojin sun kare fursunoni, amma an koma gaba kura baya sayaki, domin manyan ƙididdigar lafiya na ƙasa galibi ba sa shiga kurkuku, don haka halin waɗanda ke ciki ba ya fitowa a alƙaluma.

Dokokin Nelson Mandela, waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a Disambar 2015, sun ce fursuna ya cancanci kulawar lafiya daidai da ta mutanen gari. Mafi yawan nazarin da aka wallafa daga ƙasashe masu arziki ya fito. A Afirka an fi mayar da hankali kan cunkoso, tarin fuka da cutar ƙanjamau. Batun tsofaffi ya fito fili a lokacin korona: a Maris 2020 Shugaba Mahamadou Issoufou na Nijar ya yi wa fursunoni 1,540 afuwa, ciki har da tsofaffi da masu doguwar jinya, a Afrilu kuma gwamnatin Najeriya ta sanar da sakin 2,600. Ma'aunin tsufa da aka yi amfani da shi a wannan sakin na Najeriya shekara 60 ne, ga waɗanda aka riga aka yanke wa hukunci, alhali kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran halin ƙasar jiran shari'a suke yi.