Tambayoyi da Amsoshi kan Fim ɗin From Russia with Love na 1963

A jerin fina-finan James Bond da kamfanin Eon na Birtaniya ya shirya, From Russia with Love shi ne na biyu, kuma shi ne wanda Sean Connery ya ce ya fi so a cikin duk waɗanda ya fito. A ganina ya cancanci wannan matsayi, domin ƙarfinsa yana ga makirci da ƙwarewar 'yan wasa, tun kafin na'urori masu ban al'ajabi su mamaye jerin.

Me labarin fim ɗin ya ƙunsa?

Wata ƙungiyar miyagu ta ƙasa da ƙasa mai suna SPECTRE ce ta ɗana wa Bond, ɗan leƙen asirin Birtaniya, tarko domin ɗaukar fansar kisan jami'inta Dakta No da ya yi a fim ɗin farko, ta kuma mallaki wata na'urar warware saƙonnin sirri ta Tarayyar Sobiyat mai suna Lektor. Kronsteen, gwanin darar Turawa da ake kira ces, shi ya tsara makircin, Rosa Klebb kuma, wadda ta bar hukumar leƙen asirin Sobiyat a ɓoye ta koma SPECTRE, ita aka ɗora wa aiwatarwa. Klebb ta umarci Tatiana Romanova, ma'aikaciya a ƙaramin ofishin jakadancin Sobiyat da ke Istanbul, da ta nuna cewa ta kamu da son Bond daga ganin hotonsa, kuma za ta gudu da na'urar idan shi da kansa ya zo ya ɗauke ta. Tatiana tana zaton ƙasarta take yi wa aiki. Hukumar leƙen asirin Birtaniya ta gane cewa tarko ne, amma kwaɗayin na'urar ya sa ta tura Bond, kuma Kronsteen dama a kan wannan kwaɗayi ya gina lissafinsa. Daga Istanbul labarin ya bi jirgin ƙasan Orient Express ta cikin Yugosilabiya, ya ƙare a Venis.

Me ya sa aka zaɓi wannan littafi, kuma me aka sauya a cikinsa?

Ian Fleming ya wallafa littafin a 1957, amma abin da ya ɗaga darajarsa a Amurka shi ne jerin littattafai goma da Shugaba John F. Kennedy ya fi so, wanda mujallar Life ta buga a watan Maris na 1961, kuma wannan littafi yana ciki. Masu shirya fim ɗin, Albert R. Broccoli da Harry Saltzman, sun ga cewa talla ce ta zo musu a kyauta. Babban sauyin da Richard Maibaum da Johanna Harwood suka yi a rubutun fim ɗin shi ne na abokan gaba: a littafin hukumar Sobiyat mai suna SMERSH ce take farautar Bond, amma a fim ɗin aka ɗora laifin kan SPECTRE, domin a kauce wa tsoma baki cikin siyasar yaƙin cacar baka, wanda a lokacin yake kan ganiyarsa. Wannan sauyi ya ƙara wa labarin armashi, tunda yanzu Turawan Ingila da Rashawa duka ana wasa da hankalinsu, kowa yana zargin ɗan'uwansa da kisan da wani na uku ya aikata. An kuma sauya sunan na'urar daga Spektor zuwa Lektor don kada ya rikice da sunan ƙungiyar. Ƙarshen ma ya bambanta, domin a littafin Klebb ta sami sa'ar sukar Bond da guba har ya faɗi, alhali a fim ɗin Tatiana ce ta harbe ta.

Su wa suka fito tare da Connery?

A nan ne darakta Terence Young ya yi zaɓin da ya ɗauki fim ɗin. Robert Shaw, ɗan wasa kuma marubucin littattafai, shi ya fito a matsayin Donald Grant, makashin da SPECTRE ta horar, wanda masu kallo a wajenmu za su kira bos. An rina gashinsa ya koma fari-fari, kuma ya shafe fiye da rabin fim ɗin yana bin sawun Bond kusan ba tare da ya furta kalma ba, har yana kare rayuwarsa a ɓoye domin ya tanade shi zuwa ranar da zai kashe shi da hannunsa. Wannan shiru nasa ya fi duk wata barazana ban tsoro.

Lotte Lenya, wadda ta fito a Rosa Klebb, haifaffiyar Ostiriya ce da ta yi suna a waƙa da wasan dandamali a Jamus tun shekarun 1920, kuma matar mawaƙin nan Kurt Weill ce kafin rasuwarsa. Ta riga ta haura shekara 60 lokacin da ta sa takalmin nan mai wuƙar guba a hancinsa, wanda har yau da shi ake tuna ta. Daniela Bianchi 'yar Italiya, wadda ta zo ta biyu a gasar sarauniyar kyau ta duniya ta Miss Universe a 1960, ita ce Tatiana, amma muryar da ake ji ba tata ba ce. Barbara Jefford ce ta ɗora murya saboda nauyin harshen Bianchi a Turanci. Bernard Lee ya dawo a matsayin M, shugaban Bond a wurin aiki, Lois Maxwell kuma a matsayin Moneypenny, sakatariyar M.

Wane ne ya fito a matsayin shugaban SPECTRE?

Ba a nuna fuskar Blofeld, shugaban ƙungiyar, ba, sai hannayensa suna shafa farar kyanwa, kuma a jerin sunayen ƙarshen fim alamar tambaya aka sa a gaban sunansa. Hannayen na Anthony Dawson ne, wanda ya fito a Farfesa Dent a fim ɗin farko, muryar kuma ta Eric Pohlmann ce.

Me ya faru da ɗan wasan da ya fito a Kerim Bey?

Wannan shi ne ɓangaren tarihin fim ɗin da ya fi taɓa zuciya. Pedro Armendáriz, ɗaya daga cikin manyan taurarin fina-finan Meziko, shi ya fito a Ali Kerim Bey, shugaban ofishin leƙen asirin Birtaniya a Istanbul, mutum mai fara'a da karamci wanda ya cika ofishinsa da 'ya'yansa maza domin su kaɗai ya amince da su. Ana cikin aiki a Turkiyya aka gano cewa yana ɗauke da ciwon dajin da ya wuce magani. Ya nace cewa zai kammala aikinsa domin iyalinsa su sami kuɗin, sai aka juya jadawalin ɗauka, aka koma ɗakunan ɗaukar fim na Pinewood kusa da Landan, aka gaggauta ɗaukar fitowarsa, har da ta sansanin makiyayan Jipsi da aka gina a can. Wanda ya lura zai ga yana ɗingishi a wasu wurare, kuma a ragowar fitowar da ba ya iya tsayawa, Terence Young da kansa ya tsaya a madadinsa daga nesa. Ranar 18 ga Yuni, 1963, yana kwance a asibiti a Los Anjelis, ya ɗauki ransa yana da shekara 51, wata huɗu kafin a fara nuna fim ɗin. Abin da ke ba ni mamaki duk lokacin da na sake kallo shi ne, babu wanda ya kai shi walwala da sakin fuska a fim ɗin gaba ɗaya. Ɗansa, Pedro Armendáriz ƙarami, ya fito a wani fim ɗin Bond a 1989.

A ina aka ɗauki fim ɗin, kuma waɗanne matsaloli aka fuskanta?

An fara ɗauka ranar 1 ga Afrilu, 1963 a Pinewood, sannan aka tafi Istanbul, inda aka yi aiki a Ayasofiya, da babbar kasuwar birnin mai rufi, da tashar jirgin ƙasa ta Sirkeci, da tsohuwar ma'ajiyar ruwa ta ƙarƙashin ƙasa da ake kira Yerebatan. Fim ɗin ya nuna kamar wannan ma'ajiya mai ginshiƙai 336 tana ƙarƙashin ofishin jakadancin Sobiyat, alhali a zahiri tana daf da Ayasofiya, kuma ginin da ake gani a yau na zamanin Sarki Justinian ne a ƙarni na 6.

Tseren jiragen ruwa na ƙarshe bai yiwu a gaɓar Turkiyya ba, sai aka mayar da shi yankin Argyll na Sikotlan. A can ne jirgi mai saukar ungulu da ke ɗauke da Young ya faɗa cikin ruwa ya nutse, aka ciro shi da raunuka, ya kuma koma bakin aiki a ranar. Bianchi ma ta yi haɗarin mota lokacin da direbanta ya yi gyangyaɗi, fuskarta ta kumbura har aka jinkirta fitowarta. Hatta ɓeraye sun ba da wahala: an shafa wa fararen ɓerayen ɗakin gwaji garin kokon da ake yin cakulan da shi domin su yi kama da na kwata, dabarar ba ta yi ba, dole aka je Madrid aka ɗauki fitowar da ɓeraye na gaske.

Me ya sa ake yawan ambaton faɗan cikin jirgin ƙasa?

Saboda an daɗe ana gina shi kafin a kai gare shi. Grant ya kashe jami'in Birtaniya da aka turo ya taimaki Bond a Zagreb, ya ari sunansa, ya zauna cin abinci da Bond, inda ya nemi jar giya a kan kifi, kuskuren da Bature mai tarbiyyar masu hali ba zai yi ba, wanda Bond bai ba shi muhimmanci ba sai da ya tsinci kansa a durƙushe gaban bindiga. Abin da ya ceci Bond shi ne kwaɗayin Grant ga sulallan zinariya 50 da ke cikin jakar Bond, domin jakar da ya buɗe ba bisa ƙa'ida ba ta fesa masa hayaƙi mai sa hawaye. Daga nan aka kaure a cikin ɗan ƙaramin ɗaki, fitila a fashe, babu kiɗa, sai ƙarar ƙafafun jirgi da ta naushi. An shafe mako uku ana ɗaukar wannan faɗa na 'yan mintuna, kuma Connery da Shaw su suka yi mafi yawansa da kansu. Edita Peter Hunt ya yayyanka hotunan da sauri irin wanda ba a saba gani ba a lokacin, kuma wannan salo nasa ne fina-finan faɗa da yawa suka gada.

Waɗanne al'adun fina-finan Bond ne suka fara daga nan?

Na farko shi ne gajeriyar fitowar da ake nunawa kafin sunaye su hau, wadda Hunt da Young suka yi dabarar dawo da ita farko: ana ganin Grant ya shaƙe Bond da wayar da ya zaro daga agogonsa, sai a cire abin rufe fuska a ga ashe wani mutum ne aka yi atisaye da shi. A nan ne kuma Desmond Llewelyn ya fara fitowa a matsayin jami'in kayan aiki da aka sani da Q, matsayin da ya riƙe a fina-finai 17 har zuwa 1999. John Barry ya karɓi ragamar kiɗan fim gaba ɗaya a karon farko, Matt Monro kuma ya rera waƙar fim ɗin da Lionel Bart ya rubuta.

Yaya fim ɗin ya karɓu?

An kashe dala miliyan 2 wajen shirya shi, ninkin abin da aka kashe a fim ɗin farko, ya kuma tara sama da dala miliyan 78 a duniya. An fara nuna shi ranar 10 ga Oktoba, 1963 a silimar Odeon da ke dandalin Leicester a Landan, ya zama fim ɗin da ya fi kowane ciniki a Birtaniya a wannan shekara, mai ɗaukar hotonsa Ted Moore kuma ya sami kyautar BAFTA ta fina-finan Birtaniya. Marubucin tarihi William Manchester ya ruwaito cewa shi ne fim na ƙarshe da Kennedy ya kalla a fadar White House, ranar 20 ga Nuwamba, kwana biyu kafin a harbe shi a Dallas. Shi ne kuma fim ɗin Bond na ƙarshe da ya fito Fleming yana raye, domin ya rasu a watan Agusta na 1964, wata guda kafin fitowar na uku.