Kwanso daban, harsashi daban

Duk lokacin da aka yi harbe-harbe, sai ka ji mai karanta labarai ya ce "an tsinci harsasai barjat a wurin". Abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin abin da aka tsinta kwanso ne, ƙwayar harsashin ta riga ta yi gaba. Kwanso shi ne gidan da ke riƙe da ƙwaya a bakinsa, albarushi a cikinsa, da ɗan abin tayar da wuta a gindinsa.

Waɗanda suka san bambancin ma kallon gwangwani suke yi masa, kuma ni a ganina wannan raini ne. Ɗauki harsashin manyan bindigogi masu cin dogon zango, 12.7×99, wanda aka yi domin bindigar da John Browning, Ba'amurke maƙerin bindigogi, ya tsara, sojojin Amurka suka karɓe shi a 1921. Lambar 99 ɗin tsawon kwanson ce a milimita. Da an ja kunama, matsin da ke cikinsa yakan haura tan 3 a kan kowace murabba'in santimita. Dole kwanson ya kumbura ya manne da jikin bindigar, kada hucin wutar ya dawo fuskar mai harbi, sannan ya ɗan tsuke don a iya zaro shi. Shi ya sa ake yin sa da tagulla mai haɗin jan ƙarfe kashi 70 da tutiya kashi 30. Gindinsa ana son shi da tauri, wuyansa kuwa da laushi, sai a gasa wuyan kaɗai. Dishi-dishin shuɗi da ake gani a wuyan kwanson soja, sawun wannan gashin ne.

Turawan Ingila sun ɗanɗana kuɗarsu kafin su gane haka. A Indiya, idan damina ta sauka yaƙi ya lafa, sukan adana harsasai a bargar dawaki. Da rani a buɗe, sai a tarar wuyan kwanso ya tsattsage ba tare da an harba ko ɗaya ba. Aka daɗe ana ɗora laifin a kan damina. Sai a 1921 bincike ya nuna ashe sinadarin amoniya da ke tashi daga fitsarin dawaki ne ke cin tagullar, daidai inda ƙira ta bar ta a takure ba a gasa ba.