Bizar karatu ba ita ce izinin zama ba

Iyaye da ɗalibai a nan Gombe, don Allah a daina cewa tunda yaro ya samu bizar karatu shikenan sai ya gama digiri. Wallahi ba haka bane. Ƙasashe da yawa biza ta shiga ce kawai, izinin zama daban ake nema. A Indiya in bizar da aka ba ka ta fiye da kwana 180 ce dole ka yi rajista da FRRO (ofishin rajistar baƙi 'yan ƙasar waje) cikin kwana 14 da saukarka, Turkiyya kuma sai ka nemi ikamet (izinin zamansu kenan) kafin bizar ta ƙare, shi ma ana sabunta shi. In ka bari ya mutu, ko kullum kana aji, tara ce, wani har a hana shi dawowa. Fasfo ma a duba, in ya kusa ƙarewa ba za su tsawaita maka ba.